Awarwaro Mai Gaishe da Baba Cindo

"Baba Cindo, ka ɗaura awarwaron a madadina, ni kuwa in yaɓe maka soro kafin damina," in ji Gambo magini.

Suka tafa.

Doka ce ta zo: ba a sakin sabon magani sai kowace unguwa ta ba da mutum ya sha, ya faɗi yadda ya ji ta wani awarwaro mai magana da ke kai amsarsa ga masu maganin. Ƙuri'a ta faɗa kan Gambo, shi ya sa ya nemi Cindo ya sha a madadinsa.

Kowace safiya awarwaron kan ce, "Baba, yaya jiki?" Tsohon kuwa bai taɓa amsa gaisuwa da kuka ba. "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ranar da Gambo ya zo da laka, sai ya ji ƙauri. Diddigen Cindo na kan garwashi, shi kuwa yana ta jan carbi, bai ma ji ba: maganin ya kashe ƙafar.

"Baba, ƙafarka! Ka gaya musu?"

"Kai yaro, a gaishe ka, ka hau ƙorafi?"

"An saki maganin jiya, Baba. Innata ta sha."

Cindo dai ya samu rufi. Gambo ya tsira da ƙafafunsa, da su yake goyon uwarsa har yau, tunda nata sun mutu.