Ranar da Luke Ya Taɓa Kwamfutar Bernice

Maɓalli ɗaya tak Luke ya danna. Ko a gaban fasto zai maimaita haka.

Matarsa Bernice ta fita tun da safe zuwa taron Zumuntar Mata a Kagoma, ta bar kwamfutarta a kunne a kan teburin falo. Shi kuwa ɗan kasuwar citta ne, farashin buhu kawai yake son dubawa. Yana cikin lalube sai wani ɗan akwati ya ɓullo, wai akwai sabuntawa. Luke mutum ne mai son sabon abu, ya danna. Kwamfuta ta yi tunani, ta mutu, ta farfaɗo da fuska shuɗiya, ta sake mutuwa.

Gumi ya karyo masa. A cikin wannan na'ura Bernice take rubuta aikin digirinta na biyu, shekara biyu tana fama bayan ta taso daga makarantar da take koyarwa, ranar Litinin kuma za ta miƙa. Ga shi bara, da ya kifar da kunu a kan tsohuwar kwamfutarta, ya ɗaga hannu a gaban 'yarsu Edna ya yi alkawarin ba zai ƙara taɓa mata kaya ba. Ƙarfe huɗu za ta dawo.

Ya naɗe kwamfutar a buhun citta, ya hau okada sai kasuwar Kafanchan, shagon Ja'afaru mai gyara.

Ja'afaru ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa. Ya bayyana masa cewa sabuntawar ta ɗora wa madabod, wato babban allon da ke cikin na'urar, manhajar da ba ta dace da shi ba, shi ya sa sassan suka daina jin maganar juna. Luke bai gane ko rabi ba, amma ya gyaɗa kai kamar tare suka yi karatun.

"Aikin da yake ciki fa? Ya tafi?"

Ja'afaru ya ce bai sani ba tukuna, kuma irin wannan ba ya yi masa gaggawa. Zai tuntuɓi Oga, don a hannun Oga ya koyi duk abin da yake ci da shi yau. Ya ɗauki hoton kwamfutar da shuɗiyar fuskarta ya tura ta waya.

Amsa ba ta zo da wuri ba. Wai Oga na cikin taro. Luke ya zauna a benci yana kaɗa ƙafa, yana hango wani babban mutum mai tabarau a wani ofis mai sanyi a Kaduna. Ya yi addu'a a zuci, ya haɗa da alkawarin buhun masara ga coci idan Ubangiji ya fitar da shi kunya.

Da wayar ta yi ƙara, Ja'afaru ya karanta, ya ɗago ya dubi Luke, ya sake karantawa. Sai ya miƙe ya kawo masa kujera mai jingina, ya aika aka sayo masa zoɓo mai sanyi. Luke ya ji daɗi, ya ce a ransa har yanzu akwai masu ganin girman furfura.

Aiki ya kankama. Saƙo ya ce a kashe na'urar da ƙarfi sau uku a jere, za ta buɗe ƙofar gyara da kanta. Haka kuwa aka yi. Can sai ta tsaya ta nemi kalmar sirri. Luke kuwa bai taɓa saninta ba. Ja'afaru ko tambayarsa bai yi ba. Ya leƙa waya, ya buga wasu haruffa, ƙofa ta buɗe.

"Kai! Wannan Oga naka, ba kwaɗon da ya gagare shi," in ji Luke.

"Ai Baba, Oga sai dai a bar shi a haka," Ja'afaru ya ce, yana ta faman danne dariya. Luke ya ɗauka murnar nasara ce, shi ma ya taya shi.

Sauran ya zo da sauƙi. Aka cire sabuwar manhajar, aka mayar da tsohuwar, aka sake kunnawa. Fuska ta haska, hoton Edna na ranar bikin yaye ɗalibai ya bayyana, ga aikin digiri nan babi biyar cif, ko wasali bai ɓace ba. Luke ya rungume Ja'afaru har da ɗaga shi sama. Ya roƙe shi abu ɗaya, kada maganar nan ta fita daga shago. Ja'afaru ya rantse cewa daga yanzu ba wanda zai ji ta daga bakinsa.

Uku da rabi ta yi wa Luke a gida. Ya goge ƙurar citta da gefen riga, ya ajiye kwamfutar daidai inda ya same ta, har ya gyara karkatar linzamin kwamfutar. Sannan ya kishingiɗa da jarida.

Bernice ta shigo da kayan zumuntarta, ta gaishe shi, ta tambayi gida. Ya ce gida lafiya lau, shi barci ma ya wuni yana yi. Ta ajiye jaka, ta kunna kwamfutar, ta duba babi-babi a natse, ta rufe.

"Baban Edna," ta ce, tana kwance ɗankwali, "yaron nan Ja'afaru ya yi ƙoƙari. Amma in ka sake komawa, ka ce masa ya riƙa tuna abin da na koya masa a aji. Sau uku ya fitar da ni daga tsakiyar addu'a da saƙonninsa na 'Oga, Oga'."