Tabon Girar Muttaka

Duk zuwan Muttaka zance, Ummu Hani takan cire tabarau, fuskarsa ta zama dishi-dishi, sannan ta iya kallonsa ba kunya.

Yanzu an yi mata aikin ido da hasken leza a asibiti, babu abin cirewa. Kuma yau za ta faɗa masa ko ya turo manya.

"Da zafi?" ya tambaye ta.

"Kamar yashi a ido, sai hawaye. Washegari komai tar."

Muryarsa ta yi ƙasa. "Har ni?"

Ta ɗago a hankali. Ashe leɓensa rawa yake. Ashe yana da tabo a gira.

"Malam, mi ya same ka a gira?"

"Babur ne, hanyar Bakura. Labarin da tsawo."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "To, turo su Kawu. Sai in ji labarin a tsanake."