Banda Hira a Lokacin Aiki

Kwana bakwai da rasuwar mahaifiyarta, manajar kamfanin ɗinkin ta dawo aiki. Kekuna talatin suna ta ruri, babu wanda ya ɗago kai.

Ta bi layin teloli a hankali, tana gyara mayafi, tana jiran wani ya ce mata, "Ya haƙuri?"

Da ba haka wurin yake ba. Akwai rediyo a bakin taga, akwai tsokana, har da mai rera waƙa yana yanka yadi. Ita ce bara ta kashe rediyon, ta raba kujerun aminai, ta sallami mutum biyu saboda dariya.

Ta tsaya gaban tsohon telan da ya koya mata riƙe almakashi.

"Baba, ba ka ji abin da ya same ni ba?"

Idonsa ya kawo ruwa, amma ƙafarsa ba ta bar taka keke ba. Da haɓa ya nuna mata allon da ta rubuta da hannunta: BANDA HIRA A LOKACIN AIKI.

"Sai an tashi, ranki ya daɗe," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ta dubi agogon bango. Takwas da minti goma na safe.