Direban Tumatir da Takardar Shekara Uku

Sallau, tun ɗazu kake maimaita mini cewa ka tuba amma mutane sun ƙi sakin jiki da kai. To gyara zama in ba ka misalin wani direba, sai ka auna da kanka.

Direban nan tumatir yake ɗauka daga fadama zuwa kudu, kuma duk tashar an san shi da gudu. In ya hau titi sai ka ce an gaya masa ana rabon gado a gaba. Wata rana ya zo wuce tirela a kan kwana, ya kwashi wani mai keke, ya karya masa ƙugu. Da yake da sauran kwana mutumin bai mutu ba, amma da aka zo maganar asibiti sai aka tarar takardar inshorar motar ta bogi ce, irin wadda ake saya don a miƙa a shingen hanya a wuce. Alƙali ya karɓe lasisinsa shekara guda, ya kuma kafa masa sharaɗi. In yana so ya koma sitiyari, sai ya yi inshora ta gaskiya, ya kai shaidarta ofishin lasisi a sa a fayil ɗinsa, ya riƙa sabuntawa yana kaiwa har shekara uku ba yankewa. In aka sami giɓi ko na kwana ɗaya, lissafi ya koma farko. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, da sitiyarin nan yake ciyar da mutum tara.

Da shekarar ta cika, sai ya yi abin da yawancinmu za mu yi. Maimakon takarda, ya ɗebo manya: shugaban tasha, limamin unguwa, da wani kawunsa mai farin gemu, su je ofishin lasisi su tsaya masa. Ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ta tashi ta gaishe su, ta ba su kujeru, ta saurare su har suka gama rantsuwa cewa ya shiryu. Sannan ta ce, "Baba, ban ƙaryata ku ba. Amma in ya sake buge wani, a cikinku wa zai kai shi asibiti ya yi jinyarsa?" Dattawa suka duƙar da kai, kowa yana duban takalminsa. Ranar direba ya ji kunyar da bai ji ba ko a gaban alƙali, kuma ranar ya ƙudura cewa ba zai ƙara aron bakin wani ba.

Ya shiga zagayen kamfanonin inshora. Uku suka ji tarihinsa suka sallame shi. Na huɗu ya karɓe shi da tsada, kuma wata shida-shida kawai, don ba su yarda da shi na shekara ba. Ya sayar da babur ɗinsa ya yi. Sau biyar yana kai takarda a kan lokaci, abokan aiki suna yi masa tsiya wai ya zama hawainiya a titi. Ta shida, wadda ita ce ta ƙarshe, ta faɗo tsakiyar kakar tumatir. Ya sabunta, ya karɓi takarda, sai aka ce masa lodi yana jira, shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa. Ya cusa ta a aljihu, ya ce ai inshorar tana aiki, kaiwa ofis in ya dawo. Bayan kwana tara ya dawo, aka buɗe fayil, aka nuna masa giɓin. Shekara biyu da rabi sun tafi a banza. Ni kaina da na ji sai da na tausaya masa.

Ya fito ya zauna a gindin dalbejiya a bakin ofishin. Nan wani ya raɓo shi, ya ce yana da hatimi, zai iya mayar da kwanan watan baya, ba wanda zai sani. Har ya nuna masa wasu direbobi biyu da ya yi wa, suna can suna shan rake hankalinsu kwance. Direban ya daɗe yana juya takardar a hannu, sannan ya ce, "Neman yanke ne ya kawo ni nan, ba zan sake ba." Ya karkaɗe rigarsa, ya koma ciki, ya ce a fara masa ƙirga daga ɗaya. Daga ranar, in lokacin kai takarda ya matso, ko tumatir zai ruɓe a kwando sai ya ga an sa ta a fayil da idonsa kafin ya tayar da mota.

Shekara ba ta zagayo ba asirin mai hatimi ya tonu. Aka bi fayil ɗaya bayan ɗaya, duk wanda hatiminsa ya taɓa aka soke lasisinsa har abada. Direbobin nan biyu yanzu dako suke yi a tashar da suka taɓa jan mota. Shi kuwa ya cika shekara ukunsa cur, aka sallame shi da furfura a gemu, kuma har yau shi ke kai tumatir kudu.

Don haka, Sallau, daina roƙon a yarda da kai, ka bar kwanaki su yi maka shaida. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara.