Ɗaurin Gunvor

Ma'aikatan wani tafkin gwajin injiniyoyi a Norway sun ce Injiniya Sverre bai taɓa ba kowa haƙuri ba.

Yau ma faɗa yake. Samfurin hanyar motarsu ta cikin teku, dogon bututu ɗaure da sarƙoƙi, karkacewa yake da an kaɗa igiyar ruwa.

Ya juya kan mataimakiyarsa. "Gunvor, laifin ɗaurinki ne! Gobe wani zai karɓi aikin. Ga shi an sace mini filas, ko kofi ban sha ba!"

Gunvor ta zura ƙugiya ƙarƙashin bututun, ta jawo abin da ya tokare shi: jan filas mai sunan Sverre. Bututun ya miƙe sambal.

Sverre ya yi gunaguni.

"Maigida, ba mu ji ba."

"Na ce ki yi haƙuri!"