Gadar Lauratu

Harbi ya ɓarke a hanyar Gougaram. Lauratu da tsoho Rhissa magini suka faɗa ƙarƙashin 'yar gadar da suka gina bara. Gaba wuta, baya wuta, babu mafita.

Sai ga kamyon ruwa, wata ƙatuwar mota, ya nufo gadar a guje. Lauratu ta ɗaga kai ta dubi kankaren gadar. Ita ce injiniyar da ta sa sandunan zaren gilashi cikin kankaren maimakon rodi, ta kuma lissafa cewa in nauyi ya wuce tan ashirin, zai tsage daga gefe nan take. Kamyon nan ya fi talatin.

"Baba, yi shahada," ta ce. "Lissafina ba ya ƙarya."

Gadar ta girgiza, kamyon ya wuce. Ko tsaga babu.

"Ashe kuskure na yi?" ta ce.

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Lissafinki daidai ne, 'yata. Ni ne ban yarda da sandunanki ba. Ranar da kika tafi Agadez, na ƙara rodin da na tara don rufin ɗakina."