Kwalbar da Hajjo Ta Sa a Firigo

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba.

"Ikilima, ko ɗaya ba su haɗiye ba," in ji Likita Barmo, ya ɗago ido daga madubin awo.

Gwajin ƙarshe ne a labonmu, ɗakin awon jini na Tanout. Ana haɗa fararen ƙwayoyin jini da jajaye a kwalba, a ga yadda fararen za su haɗiye jajayen. Wadda nata ya yi kyau za a tura karatu Yamai, ko ni ko Hajjo, aminiyata tun Belbeji.

A waje Hajjo ta rungume ni tana hawaye. "Ƙawata, laifina ne. Zafin garin nan ko nono bai bari, sai na sa miki kwalbarki a firigo kar ta lalace."

Nan take na yafe mata. A ƙasarmu Damargu, duk abin da kake so, sanyi kake nema masa.

Da la'asar na koma ɗaukar mayafina, sai na ji Likita ta taga yana yaba kwalbar Hajjo.

Hajjo ta yi dariya. "Ai tawa ba ta bar akwatin ɗumi ba, Likita. Sanyi kashe musu ci yake, wa bai san wannan ba?"

Na bar mayafin, na sulale kafin wani ya waiwayo.